Rabon Gadon Malam Mande

Ran da aka raba gadon Baba a Ƙauran Namoda,
Labbo ya ɗauki gonar bakin rafi,
Tukur ya ja shanun huɗa biyu da keke,
sai wani akwatin ƙarfe mai tsatsa a ƙarƙashin gado.
Liman ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi,
ya ce wannan bai san kuɗin da zai sa masa ba.

Littattafai ne, talatin da bakwai,
duk na Ingila: yaƙinsu, majalisarsu, mawaƙansu.
Baba ya saye su ɗaya bayan ɗaya
a hannun wani akawun tasha da zai koma kudu,
zamanin da jirgi ke shigowa wayam, ya fita da gyaɗa.
"A ba Tumba," in ji Labbo, "ai ita ta yi boko."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Na kai su ɗakina a amalanke.
Ashe gara ta riga ni karatu:
ta shiga ta wajen sarakunan farko,
ta huda jiragen ruwan yaƙi, ta ɓulle ta cikin majalisa,
ta cinye rabin wani janar, ta bar masa gashin baki.
Littafin mawaƙa kaɗai ta ƙyale,
ko ɗaci ne da shi, ko girma ta ba shi, ban sani ba.

Da dare, da fitilar caji,
na ga abin da liman bai gani ba:
rubutun Baba da jan biro a gefen shafi,
ƙanana kamar sawun tururuwa.
Inda gida biyu suka yi ta kisan juna kan gadon sarauta,
wannan da jan fure, wancan da fari,
ya rubuta: "Ashe su ma 'yan ubanci."
Inda suka sare kan sarkinsu a bainar jama'a
ya ja layi biyu, ya ce: "Mu aka ce ba mu waye ba."

Amma ba duka gatse ba ne.
Akwai shafin da talakawa suka tsaya kan haraji,
suka ce ba a taɓa aljihunsu sai da yardarsu.
Nan takardar ta yi laushi don yawan shafa,
har da tabon goro.
Ya rubuta kwanan wata kawai, shekarar da aka hana shi fansho,
bai ƙara ko harafi ba.

Na nemi ƙasarmu a littafin yaƙi mafi kauri.
Shafi ɗari shida, mun samu layi uku:
sunan gari a karkace, adadin dawaki, adadin gawa.
Ƙarƙashinsa, hannun Baba yana rawa:
"Kakata Ige tana nan ranar, goye da ƙanenta.
Ta ce ƙarar kamar ana sussukar gero a sama.
Ba su tambaye ta ba."

Shekaranjiya mai tsiren bakin kasuwa ya aiko yaro,
wai ya ji ina da takardu, zai saya a kan sikeli,
ya ce irin ta da ba ta shan mai da wuri.
Na auna a raina: sarakuna nawa ne kilo guda?
Na ce a gaishe shi.

A ƙarshen kowane littafi akwai farin shafi biyu
da masu ɗab'i suka bari.
Talatin da bakwai sau biyu, ban da na gara.
Na sayi jan biro a shagon Nahantsi,
na fara da Ige, da goyonta, da geron da ke zuba daga sama.
Gobe zan je wurin Gwaggo Hajo a Kurya,
tana da sauran labarin,
in ciwon ƙafa bai kwantar da ita ba,
in kuma hanya ba ta rufe ba.