Haushin Kare a Faifan Farko

A Nashville nake aikin dare,
masana'antar faifai, bayan layin dogo.
Injina yana danna baƙar roba da zafi,
curi ya shiga, faifai ya fito,
kowanne da muryar Orval Tackett kwance cikin zanensa.

Ban san sunansa ba kafin in zo.
Darlene, mai duba faifai a ƙarƙashin fitila,
ita ta ce min ɗan tsaunukan Kentucky ne,
da jita guda ya sauko, da takalmin aro,
shekara huɗu yana wanke kwanukan wasu
kafin a ba shi awa biyu a ɗakin naɗar murya.

Waƙar kuwa ta gonar ubansa ce:
yadda banki ya zo da takarda ranar Talata,
aka yi gwanjon alfadari da garma,
uwarsa tana ninke labule, ba ta ce uffan ba.
Ta hanci ya rera ta, kamar mai mura,
goge na biye da shi yana ja masa kuka.

Sai kasuwa ta buɗe baki.
Direbobin tirela suka tsince ta a rediyo,
suka sauke ta a duk inda suka sha mai.
Mako goma sha ɗaya tana saman jeri.
Aka rataya masa faifan zinare,
kafin ƙusar ta huce aka kawo wani.
Gonar da aka ƙwace ya fanshe ta da ninki,
yau dala ashirin ake biya a shiga
a leƙa rijiyar, a ɗauki hoto da garma.
Akwai malfa mai sunansa, akwai yajin nama mai fuskarsa.

Ban ga laifinsa ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu.
Lissafin ne kawai ke ɗaure min kai:
shirun mace guda, an buga shi sau miliyan uku,
kuma ni ma daga ciki nake biyan haya.

Bana waƙar ta cika arba'in,
aka wanke sautin tas, aka sake bugawa.
Ya zo da kansa, tsoho, da sanda,
da mutum huɗu masu riƙe masa ƙofa.
Aka ɗora sabon faifan, ya lumshe ido,
yatsansa na bin kiɗan a kan gwiwa.
Can tsakiya yatsan ya tsaya.

Ya ce, ina karen?

Manaja ya yi murmushi, ya ce hayaniya ce, mun share.
Ya ce, ƙarƙashin motar da nake kwana yake kwana.
Ranar nan a bakin ƙofa na ɗaure shi,
ya ji muryata ta bango, ya amsa.
Ba wanda ya tanka.
Ya sa hannu a kan bango ɗari,
ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya, tafinsa da sanyi,
doguwar mota ta haɗiye shi.

Washegari Darlene ta zo da nata, na farkon,
kwalinsa ya ci duniya, gefe duk ya tauye.
Ƙarfe uku na dare, lokacin shayi,
muka ɗora allura, mu biyu da mai shara.
Ƙaiƙayin tsufa, goge, muryar yaro mai jin yunwa,
banki, Talata, labule,
sai daga nesa, can bayan bango,
sau biyu, kare.

Ƙararrawa ta buga. Na koma kan injina.
Saura dubu shida kafin asuba,
sumul, masu sheƙi, ba ko tabo,
babu mai amsawa a cikinsu.