Mai Zuga a Bayan Labule

Layinmu gida ashirin ne, duk hayaƙin masaƙa ya rine su,
a ƙarshensa cocin Metodis mai koriyar ƙofa,
rufinsa na yoyo daidai kan bencin dangin Sugden.
Shekara biyu da gama yaƙi,
garin Keighley bai gama ƙirga 'ya'yansa ba.

Shayi na Mama ne.
Ran Asabar takan bi gida-gida da gwangwani,
nan cokalin sukari, can rabin cokali,
kowa ya gutsuro daga ɗan rabonsa na mako.
Da haka ake shayar da mutum sittin bayan sujada.
Ta san wanda ya hana. Ba ta taɓa faɗa ba,
sai dai kofinsa kan iso da ɗan sanyi.

Ni ke goge allon tagulla.
Suna goma sha ɗaya, na bakwai yayana ne, Clifford.
Na yi ta dirzarsa har harafin farko ya soma shafewa,
Mista Illingworth ya ce, “Enid, rage wa na baya abin karantawa.”

Baba kuwa ya dawo daga Bama da hannu mai rawa
da baki kamar an datse da kwaɗo.
Ba ya waƙa, ba ya amin.
Sai ya shige bayan labule, bayan ogan,
ya kama sandar zugazugi, sama, ƙasa, sama,
kamar yaron maƙeri.
Mis Holdsworth na gaba tana danne-danne, ita ake yabo,
numfashin kuwa duk nasa ne.
A can hannun ba ya rawa. Na leƙa, na gani.

Hunturun arba'in da bakwai kwal ya ƙare,
ƙanƙara ta kai taga.
Muka yi sujada cikin kwat da safar hannu,
tururin baki na tashi tare da waƙa.
Shi kaɗai ya fito da gumi.

Daga baya aka shiga tara kuɗi, sisi da sule,
gwanjon tsofaffin kaya, gasar kek, har shekara uku,
aka sayo injin lantarki mai hura iska.
Mama ma ta fi kowa tarawa.
Ba wanda ya tuna ya tambayi Baba.

Lahadin farko ya tsaya a ƙofa yana murza hula,
ya rasa inda zai ajiye kansa.
Mama ta matsa, ba ta dube shi ba,
ta miƙa masa gefen littafi.
Injin ya yi gurnani a bayan labule.
Baiti na ɗaya, shiru.
Na biyu, shiru.
A na uku na ji wata murya kusa da kunnena,
ƙasa-ƙasa, mai tsatsa, ta saki kari ta shiga daji,
takarda na karkarwa tsakanin yatsunsa.

Ba ta da daɗi, muryar nan.
Misis Sugden har ta waiwayo.
Mama ta taka mini ƙafa don kada in kalle shi,
ta ɗaga tata muryar kaɗan,
daidai yadda za ta rufa masa.