Burodi a Cikin Giyabos

Kwana uku boris ɗin nan yana raina ni
a gindin darbejiya, bayan babbar kasuwar Garwa.
Fijo ce, ta mahaifina,
shekara goma sha tara tana kan bulo,
kaji na ƙwai a kujerar baya.

Na buɗe giyabos, na jera haƙoransa a kan buhu,
kowanne da lambarsa ta alli.
Kowa ya fito, sai shi,
can ƙurya, a ramin da ba shi da ƙofar baya,
tsatsa ta yi masa rantsuwa da gidansa.

Na ba shi kananzir, ya sha, ya yi shiru.
Na sa cizal, cizal ya zame
ya tafi da rabin farcena.
Na hura gawayi, gidan ya yi zafi har yana wari,
shi ko gezau.
Rana ta uku na ɗaga babbar guduma.

Sai aka riƙe min hannu ta baya.
Baba Hamajoda ne, da tabaron da aka ɗaure da waya.
Ya ce, gidan nan alminiyan ne, yaro,
in ya tsage sai Duwala,
can ma sai mai rabo.
Ba a yi wa rulma tsawa.
Shi rulma yake ce masa, kamar kowa a layin nan.

Ya dubi ledar da ke rataye a madubi.
Me ka sayo?
Burodi ne, ban karya ba.
Kawo.

Ya fasa shi, ya yagi farin cikinsa,
ya murza, ya cusa a ramin da babban yatsa,
ya ƙara, ya danna, ya ƙara,
ya zaɓi guntun ƙarfe daidai bakin ramin,
ya miƙo min ƙaramar guduma.
Buga. A hankali.
Na buga. Ya ƙara burodi. Na buga.
Yaran gareji sun taru suna dariya.

Can sai dariyar ta tsaya.
Ga shi yana tasowa
kamar kunkuru ya leƙa ko an watse,
kaurin gashi, kaurin tsinke, kaurin dala,
har ya faɗo tafin hannuna
baƙi, da ɗumi, da ɓarɓashi a haƙora.

Abin da ya ƙi wuta da ƙarfe
ya bi abin da ɗan yaye ke tsotsa.

Baba ya goge hannu a gefen wando.
Ya ce, ni na sa shi,
shekarar da Binuwai ta shiga gidaje.
Ubanka ma a nan ya tsaya da guduma.

Motar ba ta tashi ba tukuna.
Boris yana aljihuna,
ni kuma ina bin layi wajen mai shayi
da yunwa, da jini a yatsa.