Harsashi Uku

Tun zakara bai gyara murya ba
Baffa Barmo ya daki ƙyaurena da gindin sanda:
"Mai zuwa farauta ba ya jiran shayi ya huce."
Atbara na barci. Jirgin ƙasa kaɗai ke tari
can bayan tasha, tarin tsohon da ya ƙi kwanciya.

Muka loda a-kori-kurar Jubara:
jarka shida, salka ɗaya ta Baffa,
wai ruwan roba bai san hanyar maƙogwaronsa ba;
dabino, gurasa, albasa, gishiri a ƙullin leda,
butar gahawa naɗe da tsumma kamar jinjiri,
sai bindigar da kakanmu ya saya da kuɗin auduga
shekarar da ya haƙura da ƙarasawa Makka.
Harsashi uku.
Na sake ƙirgawa. Ukun dai.

Gwaggo Kande ta leƙo da fitila:
"In kun samo, cinya tawa ce.
In ba ku samo ba, ku maido mini tsohona."

Muka haye Nilu duhu na kwance a kan ruwa.
Kore ya raka mu zango ɗaya ya juya gida,
itatuwan dabino suka ja baya,
tumfafiya ta karɓe mu, ita ma ta gaji ta tsaya.
Bayuda ta shimfiɗa tabarmarta, ba ta ce mana sannu ba:
rairayi, tsakuwa,
baƙaƙen duwatsu a tsugune kamar tukwanen da aka kife.

Shekara huɗu yana ta rufe idon Baffa,
amma shi ke nuna hanya.
"Dama, Jubara. Ina jin ƙanshin kwari."
Jubara ya dube ni, ya murɗa sitiyari.
Kwarin na nan.

Ya ce a zamaninsu barewa ba ta ƙirguwa,
in garke ya tashi sai ka ce ƙasa ce ta zabura;
ya ce ubansa ya taɓa ganin mariri,
fari fat, ƙaho kamar takobi biyu,
ya kasa ɗaga bindiga har ya ɓace.
Ni abin da nake gani daban:
ramukan masu neman zinari,
gwangwanin kifi, takalmi wari guda,
sawun taya a kan sawun taya.

Da hantsi injin ya tafasa.
Muka fake a inuwar wata ƙaya mai rowa,
Jubara na yi wa mota fifita da rawaninsa.
A nan na ga sawu.
Kofato biyu, tsaga a tsakiya, ya nufi gabas.
Na san na mene ne. Na ga turke a baya, na ga igiya.
Amma na dubi farin gemun nan da ya sha ƙura,
bakina ya riga ni:
"Baffa, barewa!"

Ya sauka a kan gwiwoyinsa, suna ƙara kamar ƙirare.
Ya laluba. Ya bi gefen sawun da ɗan yatsa
yadda yake bin tasbaha.
Ya ɗauki kashin, ya murje, ya sansana.
Ya daɗe.

"Akuyar 'yan zinari ce, ɗan nan.
Ta ci dawa jiya, kuma tana ɗingishi."
Kunya ta zubo mini, ta fi rana zafi.
Sai ya yi dariya har da tari,
ya miƙo hannu in ɗaga shi:
"Ido ne ya tafi. Kada ka ƙara mini da kunne."

Muka sha gahawa mai citta, kofi bibbiyu.
Ya karɓi harsasan, ya auna su a tafinsa,
ya zuba a aljihun gaba, ya dafe.

"Akwai rijiya bayan dutsen can, yini guda.
In akwai sauran barewa a ƙasar nan
ta san da ita."

Jubara ya tofa bismilla, injin ya amsa a karo na huɗu.
Babu hanya a gabanmu.
Baffa ya fitar da fuska ta taga, ya buɗe hanci.