Kawuna Bakwai a Loko

Bakwai na tarar ran da na fara aiki a Loko,
ina ɗan sha tara, sifana ta fi hannuna nauyi.
Oga Amadi ya ce, "Yaro, haddace lambobinsu."
Ban haddace ba. Suna muka raɗa musu,
yadda makiyayi ke sanin kowace saniya.

Akwai Mai-Tari, ba ya tashi da asuba
sai an lallashe shi, an shafa masa baƙin mai.
Akwai Goje, tarago talatin na gyaɗa daga Gusau,
ya wuce Funtuwa ko haki bai yi ba.
Akwai Kurma, don ba ya jin birki;
Barau direba kan fara salati tun daga Cikaji
kafin ya samu ya tsayar da shi a Zariya.

Tagwaye rana ɗaya suka iso daga Ikko,
fenti na sheƙi, har masu tallan rake suka biyo su.
Wanda ya zo bayansu, ai ka san Gambo ne.
Sai Auta, ɗan lelen shed,
da shi matan Sabon Gari ke ɗora tukunya,
don bai taɓa saɓa lokaci ba in ya busa jiniya.

Auduga ta hau, gishiri ya sauka.
Ƙiraga masu warin da ke bin mutum har gida,
buhunan taki, siminti, goro a ganye,
shanu na leƙe ta tsakanin katako.
Lantana ta daina tambayar ina na kwana,
giris ɗin rigata ke faɗa mata gaskiya.

Ba rana guda abin ya zo ba.
Takarda muka rubuta: a aiko da famfon mai.
Aka ce yana hanya.
Damina uku yana hanya.
Sai sabon oga ya nuna ɗaya cikin Tagwaye,
ya ce, "Kwance na wannan, ka ɗaura wa wancan,
aro ne, kafin kaya su iso."
Ni na kwance. Da hannun nan. Ban ce komai ba,
amma ranar ban iya haɗiye tuwo da miya.

Aro bai taɓa komawa gida ba.
Goje ya ba da ƙafafu, Gambo ya ba da fitila,
Kurma, abin dariya, shi ya ba da birki,
da muka wanke shi sai ga shi lafiya lau;
ashe shekara ashirin muna yi masa ƙarya.

Yanzu in na je bin sawun fansho
nakan zaga ta bayan shed.
Tumfafiya ta fito ta tagar Goje.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar Barau,
shi kuwa Barau yana kwance, Allah ya ji ƙansa.
Wani yaro mai sikeli ya bi ni yana tambaya,
"Baba, wannan zai kai tan nawa?"
Na ce, "Wanda yake ja, ko wanda ya rage?"
Bai gane ba. Ya yi gaba yana latsa waya.

Ka san wa ya saura? Mai-Tari!
Shi da muka ce ba zai ga baɗi ba.
Sau ɗaya a mako, wani lokaci a wata,
yakan ratso gadar Kubanni da tarago shida,
yana tafe da ƙafafun Goje,
yana gani da idon Gambo,
famfon Tagwaye na bugawa a ƙirjinsa.
Jikana Mudi ya ce, "Kaka, guda ɗaya ne kawai."
Na ce, yi shiru, bari ya kawo kwana.
Ya yi tari sau biyu, ya yi tsaki da birkin Kurma,
sannan ya buɗe maƙogwaro,
Auta ya yi kira daga Muciya.