Sabitu

Uku suka riga ni shiga ɗakin Inna a Bajoga,
ba wanda ya kai yaye.
Na fari kwana arba'in ya yi,
na biyu ya fara rarrafe, ya rarrafa ya wuce,
ta ukun ko ranar suna ba ta jira ba.

Da na faɗo, Inna ta hana a yi guɗa,
wai kada mutuwa ta ji an yi baƙo.
Ta kira ni Abarshi,
murya ƙasa-ƙasa,
kamar mai roƙon alfarma gaban mai karɓar jangali.

Baba kuwa ya je wurin Malam Ɗahiru na bakin kasuwa,
suka daɗe a zaure.
Ran bakwai, bayan asuba, aka ce: Sabitu.
Aka shafa, aka raba goro, wanzami ya yi aikinsa,
ba wanda ya tambayi ma'ana.
A garinmu suna riga ce, sawa ake yi,
ba a juya ta a duba ɗinki.

Na tashi ƙafata ba ta san zama ba.
Ina sha huɗu na zama yaron mota,
na koyi barci a kan buhun siminti.
Ashaka, Gombe, Alkaleri, Bauchi, a sauke, a juyo.
Na san kowane rami a hanyar nan kamar maƙwabci,
na san mai shayin da ba ya rowar madara,
amma 'yata ta fara tafiya ba na nan,
ta fara magana ba na nan,
ranar da na dawo ta ɓuya bayan zanen uwarta.

Sai wani dare, bayan shekara talatin,
mota ta mutu gab da gadar Dindima.
Akwai wani tsoho da na rage wa hanya,
da gafaka a kafaɗa da butar roba.
Yaro ya tafi neman makanike,
mu biyu muka zauna bakin kwalta.
Ya ce, "Direba, yaya sunan?"
Na faɗa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Sabitu a kan taya goma!
Ka san abin da aka rataya maka kuwa?
Balarabe sai ya sa harshe tsakanin haƙora yake faɗinsa,
mu ne muka sassauta.
Tushensa ɗaya da tabbata ɗin nan
da ke bakinka kullum.
Wanda ya kafu ke nan. Turken da ba ya girgiza."

Na ce, "Ashe dai an yi asarar rago, Malam."

Ya miƙa haɓa wajen Gongola,
ruwa na ta wucewa cikin duhu.
"Wancan tun kafin kakanka yake tafiya.
Ka taɓa zuwa ka tarar ya ƙaura?"

Ban amsa ba, wani lissafi nake yi.
Inna da Baba, da ko kan gishirin miya
bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba,
ashe roƙo guda suka kai,
ita da Hausa, shi da Larabci,
ko ta wace ƙofa aka amsa.
Ba cewa suka yi in zauna a Bajoga ba.
Cewa suka yi kada in bi ukun nan.

Baba ya rasu ban tambaye shi ba.
Inna tana nan, idanun ne suka riga ta tafiya.
In na tsaya a bakin lungu
tun daga kukan birki take gane ni.
Sai ta shafa fuskata,
ƙurar siminti ta hau tafinta,
ta ce, "Abarshi, kai ne?"
In ce, "Ni ne, Inna."
Ta ce, "To, zauna."
Kaya na jira, Alhaji na ta kiran waya.
In kife wayar a kan tabarma,
in zauna.