Layin Motoci a Jinin Babana

Ƙarfe biyar na asuba a Catende.
Ƙaurin gonar raken da aka ƙona jiya
bai gama barin labulen ɗakinmu ba.
Na kama yatsan babana, Genivaldo,
yatsan da ya yi kanta, shekara talatin da takwas yana saran rake,
na laluba gefen da fata ke da sauran laushi,
na tsikara.
Ɗigo ɗaya, ja wur.
Na'urar ta yi shiru, na ƙirga biyar:
ɗari biyu da saba'in da ɗaya.

"Zuleide, ni fa ban taɓa komai ba."
Na dubi gemunsa.
Ɓurɓushin mazarƙwaila na nan yana ba da shaida.

Likita ta zana masa a takarda, bai gane ba,
sai na mayar masa da zancen harshen masana'anta.

Baba, kowace loma mota ce.
Garin rogo, shinkafa, burodin safe,
tun a baki yawu ke fara kwance musu ɗauri,
hanji ya ƙarasa, ya mai da su sukari, ya loda wa jini.
Jini titi ne da ba ya barci.
Hanta ce sito, tana ɗiba tana ajiyewa
saboda tsakar dare, sa'ad da baki ke hutu.
Sauran su nufi ƙofofin tsoka
inda ake ƙona su, a samu ƙarfin ɗaga adda.
Akwai mai gadi, insulin sunansa,
daga wani lungu a bayan tumbi yake fitowa.
Naka ya gaji, Baba,
makullan ma sun yi tsatsa, ba sa jin mabuɗinsa.
Ka tuna shekarar da injin matsa ya tsaya,
motoci suka yi layi har bakin gada,
rake na tsami a rana, ma'aikata a ciki suna hamma?
To, haka.
Titi cike da abinci, gida kuwa yunwa.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.
Ya ce, "Ashe raken ne ya biyo ni gida."

Ƙoda ce ke kwashe abin da ya yi yawa,
da ruwa take kwashewa, ba ta san wata hanya ba.
Shi ya sa nake jin takunsa sau huɗu kafin gari ya waye,
daga gado zuwa bayi, daga bayi zuwa tulu,
ƙishin da kogi ba ya kashewa.
Motocin da ba su sami masauki ba
su ke farfasa ƙananan hanyoyi:
na cikin ido, har lambar bas ta zama hazo,
na tafin ƙafa, har ƙusa ta kwana a takalminsa
ya yini a kanta bai sani ba.
Yanzu kowane dare da fitila nake bin tsakanin yatsunsa
kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi.

Amma ranar Laraba,
ya yi allura, ya manta da karin kumallo, ya tafi gyaran shinge.
Na same shi zaune a ƙasa, gumi sharkaf,
hannu na rawa, yana kirana da sunan mahaifiyata.
Hamsin da biyu.
Titin ya zama wayam, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da sito.
Na ruga, na ciro mazarƙwailar da na ɓoye a bayan gwangwanin kofi,
wadda muka yi wata guda muna faɗa a kanta,
na gutsura, na ce tauna, Baba, tauna.

Minti goma sha biyar.
Idonsa ya dawo, ya gane ni.
Ya lashe leɓe, ya ce,
"To, yanzu na san inda kike ɓoye ta."